Daƙiƙa Goma Sha Tara a Kan Babba

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe 10:00 na safe

Da sunan Allah. Na sayi wannan littafi jiya saboda likita ya ce jinina ya hau, kuma idan ba zan faɗa wa mutum abin da ke damuna ba, in faɗa wa takarda. Zan fara da tsara al'amarin yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Ni Mahamudu, shekarata sittin da shida. Na yi aikin haɗa magani a wani asibiti a nan Landan shekara talatin kafin in yi ritaya. Ina zaune a Camberwell da mai ɗakina, Hajiya Luba, da 'yarmu Zarah. Ɗanmu na fari, wanda nake ce wa Babba tun da ba na kama sunansa, shekararsa huɗu a Amurka. Wata jami'a ce ta ɗauke shi saboda ƙwallon Amurka, wadda ake yi da hannu da hular kwano. Yana cikin masu tsaro. Aikinsa ya keta layin abokan hamayya ya kayar da mai jefa ƙwallo kafin ya jefa.

A ƙarshen wannan wata manyan ƙungiyoyi talatin da biyu za su zauna kwana uku su zaɓi matasan da suka gama jami'a, zagaye bakwai. Draft suke kiran abin. Wanda aka kira sunansa ya samu sana'a. Wanda ba a kira ba, yawanci shi ke nan.

Har zuwa makon jiya masu hasashe suna sa Babba a zagaye na huɗu. Ranar Laraba na yi hira ta bidiyo da wani saurayi Ba'amurke mai shirin masoya wasan a intanet. Abokina Haggai ne ya haɗa mu. Hirar ta yi minti ashirin da biyar. Sun yanko daƙiƙa goma sha tara daga ciki sun watsa.

Abin da ke cikinsu ba zan rubuta yau ba.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe 4:30 na yamma

Zarah ta dawo daga makaranta ta ajiye wayarta a gabana ba ta ko cire takalmi ba. Na ga kaina da hulata, ina murmushi. An tambaye ni wane irin ɗa ne. Na ce malalaci ne, ba ya jin magana, ci da barci kaɗai ya iya, 'ya'yan mutane sun fi shi, mu dai mun gode wa Allah.

Haka na faɗa. Ba su ƙara mini ko harafi ba.

Na tuna a lokacin na dakata ina jiran saurayin ya ce haba Alhaji, kamar yadda duk mai tarbiyya zai ce. Ya zaro ido ya ce wow, ya wuce zuwa wata tambaya. Na ɗauka rashin sabo ne.

"Baba, mutum dubu ɗari huɗu sun kalla," in ji Zarah.

"Kallon me?"

"Kallon ka kana cewa Suhaib lazy ne."

"Ai kowa ya san ba haka nake nufi ba."

"Wane kowa, Baba?"

Na duba Hajiya. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe 6:10 na yamma

Na kira Babba sau biyu. Bai ɗauka ba. Wataƙila yana fili.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe 11:45 na safe

Na karanta abin da masoya wasan suke rubutawa. Ban san haka ake yi da 'ya'yan mutane ba. Sun san tsawon hannunsa da faɗin tafinsa da nauyinsa. Sun san daƙiƙa nawa yake yi a gudun yadi arba'in. Ban taɓa ganin an tattauna jikin mai rai haka ba sai a kasuwar raguna ana jajibirin Sallah, can ma ana samun mai cewa tubarkalla.

Wani ya ce ƙugun Babba a sandare yake, ba ya iya lanƙwasa idan zai kewaye mutum. Wani ya amsa masa cewa bai san wasa ba, ya je ya kalli na watan Oktoba, inda ya kayar da mai jefa ƙwallo sau uku. Na uku ya ce akwai wani yaro daga Texas, bai kai shi tsayi ba amma ba ya gajiya, gara a ɗauki wancan. Waɗannan duk ina iya ɗauka. Ra'ayi ne, kuma tun kafin ni suke yin sa. Amma daga ranar Laraba duk gardamar da aka fara wuri ɗaya take ƙarewa. Wani zai rubuta cewa ubansa ma ya ce malalaci ne, sai a sa hoton fuskata ina murmushi, sai a tashi.

Wani ya rantse idan ƙungiyarsa ta ɓata zaɓenta a kan wannan yaro zai ƙona rigarsa. Wani ya ce uba ba ya yi wa ɗansa ƙazafi a gaban duniya, saboda haka maganar gaskiya ce. Wannan na karanta sau huɗu.

Akwai jerin sunayen da suke sabuntawa kullum. Makon jiya shi ne na 118. Yau na 141.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe 5:50 na yamma

Bayan salla a Whitechapel, Malam Masawudu, wanda muka zo ƙasar nan shekara ɗaya, ya riƙe hannuna ya ce ya ga bidiyon, ya ji daɗi, ashe har yanzu akwai dattawan da ba sa kuranta 'ya'yansu. Mutum uku suka faɗa mini haka. Na yi godiya. A cikin jirgin ƙasa ban iya zama ba, ga kujera kuwa.

Haggai ya zo da la'asar da ledar lemo. Mutumin Filato ne, direban tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shekara talatin yana goyon bayan wata ƙungiyar Amurka da ba ta taɓa cin komai ba. Shi ya fara kai Babba filin wannan wasa yana ɗan shekara goma sha shida.

"Alhaji, ni na jawo," ya ce. "Da na sani da na zauna kusa da kai in taka maka ƙafa."

"Ka gaya mini gaskiya. Manyan da ke zaɓen suna karanta surutun nan?"

"Cewa suke ba sa karantawa."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Ya ɓare lemo ɗaya tukuna. "Masu tsayinsa da gudunsa sun kai ɗari. In an zo zagaye na huɗu ba dalilin ɗauka ake nema ba, dalilin bari ake nema. Kai kuma ka miƙa musu da hannunka, har da murmushi. Tsohuwar motarka ma da ka sayar bara ka fi faɗin alherinta."

Na ce mota ba ta da wanda zai yi mata baki.

Ya ce, "Shi ma yanzu ba shi da mai yi masa sai kai."

Na bar masa wannan. Shekara ashirin da biyu muna tare, ya samu ikon faɗa.

Lahadi, 13 ga Afrilu, ƙarfe 8:20 na safe

Na 164. Na ɗauki alkawari ba zan sake dubawa ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe 7:05 na yamma

Ya kira. Minti huɗu. Ya gaishe ni da Hausa kamar yadda ya saba, sauran da Turanci. Wakilinsa, mai nema masa ƙungiya, ya ce ƙungiyoyi uku sun yi tambaya a kan maganar, ɗaya kuma ta soke ziyarar da ta gayyace shi. Muryarsa ba ta tashi ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Akwai magana ɗaya da ya yi kafin ya ajiye. Ba zan rubuta ta ba.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe 6:40 na safe

Bai yi mamaki ba. Abin da ya ce ke nan. Bai yi mamaki ba, ai ya saba ji.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe 3:15 na yamma

Zarah da Haggai sun yanke shawara in yi wani bidiyon in gyara. Ta jingina wayar da littattafai a kan tebur, ta sa na canza riga. Haggai ya tsaya a bayanta kamar mai ba da hannu a titi.

"Ka ce kana alfahari da shi. Shi ke nan, mu tashi," in ji Haggai.

Na dubi wayar na ce yaron ba laifi.

"Ba laifi? Shayi aka ba ka ka ɗanɗana?"

Na sake. Na ce muna gode wa Allah da ya ba mu shi, duk da yake...

"Baba, babu duk da yake," in ji Zarah.

Sau tara muka yi. Ina so a rubuta cewa ba taurin kai ba ne. Na buɗe baki, kalmar ta taso har maƙogwaro, ta tsaya. Mahaifina ya rasu yana da shekara tamanin da ɗaya bai taɓa cewa na yi abin kirki ba a gabana, kuma ban yi shakkar matsayina a wurinsa ba ko na yini ɗaya. Haka aka raine mu. Wanda ya yabi ɗansa a gaban jama'a kansa ya yaba, kuma ya nuna wa baki da ido inda za su sauka.

Hajiya ta leƙo daga kicin ta ce a ƙyale ni haka. Zarah ta goge duka taran. Tana naɗe wayar caji ta ce da Turanci, ba ni take kallo ba, ita ma ba ta taɓa jin na yabe ta ba.

Haggai ya ce zai makara aiki. Ranar hutunsa ce.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe 1:30 na rana

Na duba. Na 187.

Akwai wata mata a shafin, ta ce malamar makaranta ce mai ritaya a wani gari mai dusar ƙanƙara. Ta ce ta kalli kowane wasan Babba na kakar da ta wuce ta ƙirga. Sau goma sha ɗaya ya bi mai ƙwallo daga wancan gefen fili zuwa wannan a ƙarshen wasa, lokacin da sauran suka tsaya riƙe da ƙugu. Ta ce malalaci ba ya yin haka, kuma ba ta san abin da ke damun tsohon nan ba. Suka yi mata ca. Wani ya ce ta koma ta yi saƙa. Ba ta janye ba, ta kawo musu mintin da kowane ɗaya ya faru.

Baƙuwa ce, ba ta taɓa ganinsa ba sai a allo. Ni kuwa ban taɓa kallon wasansa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Da an fara gwara kawuna nake tashi in fita.

Na sa Zarah ta sa mini na watan Oktoba kafin ta tafi. Na kalla har ƙarshe. Matar ba ta yi ƙarya ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe 9:00 na safe

Na 203. Ya kamata a ce jirgin Babba daga Amurka ya sauka jiya, da a gida zai jira zaɓen. Ɗakinsa a gyare yake tun ranar Laraba.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe 2:40 na rana

Yau hutun Easter ne. Tun safe Hajiya ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe cikin babbar tukunyar da ba a saukowa da ita sai da dalili. Mu uku ne a gidan. Ta zuba a kula biyu, ta sa mayafi, ta ce za ta je ta yi wa Kachollom, matar Haggai, barka da biki.

Na ce Kachollom ba ta cin taushe, ta sha faɗa.

Ta tsaya a bakin ƙofa da kulolin. Shekara talatin da biyar muna tare, ba ta taɓa iya ɓoye mini abu ba, ba ta kuma taɓa gwadawa ba sai yau.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun Juma'a."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Ya rame."

Na ce ta tafi kada abincin ya huce.

Ɗana yana Landan, a gidan wani, tafiyar minti arba'in daga nan.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe 6:30 na yamma

Na je Stratford, gidan Haggai. Ban gaya wa kowa ba. A al'ada shi ya kamata ya zo, na sani, na kuma ajiye sanin a gida.

Kachollom ce ta buɗe. "Sannu da zuwa, Alhaji. Yana ciki. Ni ba ruwana, abinci kawai nake ba shi, ya kuma cinye mini shinkafar wata guda." Ta ɗauki jakarta ta ce tana da aiki a kasuwa.

Ya fito ya cika ƙofar falon. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ya shiga kicin ya haɗo shayi a tire, ya ajiye a gabana, ya juya zai fita.

Na ce, "Zauna."

Ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan. Na yi masa bayanin da na shirya a cikin jirgi. Na ce abin da na faɗa, haka ake faɗa. Maganar rabi biyu ce. Uba ya rage, baƙo ya ƙara. Idan na ce malalaci ne, Malam Masawudu zai ce haba Alhaji, wa ya kai shi, yaron da ke fita da asuba ko ana ruwa, yaron da ya ɗauko tsohuwar nan ta hawa na uku a bayansa ranar da lif ya lalace. Ni kuma in yi shiru in sunkuyar da kai, kowa ya san na ji daɗi. Na ce Ba'amurken nan ne bai kawo nasa rabin ba. Na ce ai kai ka sha jin su, shekara da shekaru.

Da Turanci ya amsa, amma ga abin da ya ce.

"Ban taɓa ji ba."

"Kamar yaya ba ka taɓa ji ba?"

"Baba, ina shigowa da tire kana faɗin naka. In ajiye in fita. Kai ka ce yaro ba ya tsayawa inda manya ke magana."

Na dubi tiren. Tun yana ɗan shekara shida yake kawo shi. Kowace Sallah, kowane suna, kowace Lahadi da aka yi baƙi. Ni na koya masa ya ajiye ya fita, na kuma yi ta jin daɗin yadda yake yi ba sai an maimaita ba.

"Kuma ba ka taɓa tambaya ba?"

"Me zan tambaya? Na ɗauka in na ƙara ƙoƙari za ka daina."

A nan ya kamata in faɗa. Ba kyamara, ba baƙo, daga ni sai shi. Na ce Allah ya yi maka albarka. Ya ce amin. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Na roƙe shi ya dawo gida kafin Asabar, ranar da ake sa ran za a kai gare shi. Ya ce in yi haƙuri, ba ya so in gan shi yana jiran waya.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe 10:10 na safe

An yi zagaye na farko jiya. Ba a sa ransa a ciki ba. Haggai ya turo mini saƙo mai tsawo yana zagin ƙungiyarsa, wai suna buƙatar mai kutsawa irin Babba sun je sun ɗauko mai tsaron baya ɗan siriri wanda iska za ta kayar. Ya ce shekara talatin da ɗaya ke nan. Na san don ya ɗauke mini hankali ya yi. Na amsa masa da Allah ya kyauta.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe 4:45 na yamma

An ɗauki yaron Texas a zagaye na uku. Ban ji haushi ba. Shi ma ɗan wani ne.

Saura minti goma sha biyar a fara na huɗu. Hajiya ta yi alwala ta zauna da carbi. Zarah tana Stratford.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe 7:30 na safe

Ba a kira shi ba.

Mun zauna har suna na ƙarshe. An ɗauki masu tsaro irinsa da yawa, waɗansu ban taɓa ganin sunansu a jerin ba. Duk sanda aka ce mai kutsawa za a ɗauka, Hajiya takan tsayar da carbin. Daga baya ta daina tsayarwa.

A shafin suna cewa ai sun faɗa. Wani ya ce a kawo tsohon ya yi musu sharhi a kan sauran yaran, shi ne kaɗai mai gaskiya a harkar. Malamar makarantar ta rubuta layi ɗaya, cewa ƙungiyoyi talatin da biyu sun yi kuskure iri ɗaya a rana ɗaya.

Haggai ya ce wataƙila ƙugun ne, wataƙila don ya fara wasan a makare. Ba wanda zai taɓa iya gaya mini ko ni ne. Wannan ya fi a ce ni ne nauyi.

Lahadi, ƙarfe 8:15 na yamma

Ƙarfe uku aka buga ƙofa. Babba ne da Haggai da Zarah. Bai zauna ba. Ya ce wata ƙungiya tana da sansanin gwaji na kwana uku a watan Mayu, saura gurbi ɗaya na masu tsaro, tsakaninsa da wani. Mai horar da masu tsaron ya ce kafin ya yanke yana so ya yi magana da ni. Ƙarfe huɗu.

"Me za ka ce masa?" ya tambaye ni.

Na ce ban sani ba. Ban taɓa yi masa ƙarya kai tsaye ba, ban ga dalilin farawa yau ba.

Zarah ta buɗe kwamfuta a teburin cin abinci. Mutumin ƙato ne mai furfura a gemu, yana tauna wani abu. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce ya kalli wasannin yaron, sun ce masa abu ɗaya, ni na ce wani. Ya ce shi mako uku ya san shi, ni shekara ashirin da uku. Wanne zai ɗauka?

Na fara yi masa bayanin al'ada, uba da baƙo da rabi biyu. Na ga idonsa ya tafi kan agogo. Babba yana tsaye a jikin bango yana kallon ƙasa, kuma na gane yadda bayanin yake a kunnensa: tsoho yana wanke kansa.

Na tsaya. Na ce wa mutumin ƙarya na yi.

Ban taɓa faɗar wannan a kaina ba tun da nake. Na ce abin da na faɗa ba gaskiya ba ne, na san ba gaskiya ba ne ina faɗarsa, kuma shekara goma sha bakwai ina faɗa. Na ce shekara uku yaron nan yana tashi ƙarfe biyar saura ya kama bas zuwa fili kafin makaranta, ana ruwa ana sanyi, ban taɓa tashinsa ba, ina tsaye a bayan labule ina kallonsa har ya sha kwana. Na ce na yi aiki da ɗaruruwan mutane a asibiti, ban ga mai himma kamarsa ba. Na ce ɗana ya fi ni.

Mutumin ya daina tauna. Ya ce to me ya sa na faɗi wancan.

Na ce shekara goma sha ɗaya muka jira kafin a haife shi, kuma an koya mini cewa abin da kake tsoron rasawa ba ka nuna shi.

Ya ce ya gode, zai kira wakili. Allon ya yi baƙi. Haggai ya tafi taga yana duba motocin da ke wucewa kamar an ba shi aikin ƙirga su.

Ƙarfe biyar saura wayar Babba ta yi ƙara. Ranar tara ga Mayu. Ba kwantiragi ba ne, kwana uku ne kawai a gwada shi. Hajiya ta shiga ɗaki ta rufe. Haggai ya ce wannan ƙungiya abokiyar gabar tasa ce, amma zai sayi hularsu, ba zai dai sa a waje ba.

Babba ya tsaya ya ci abinci. Ya ci malmala huɗu. Yana wanke hannu ya ce, ba ni yake kallo ba, "Bayan labule?"

Na ce bayan labule.

"Ina ganin inuwarka. Na ɗauka duba kake ko na makara."

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe 11:00 na safe

Ya kwana a ɗakinsa. Ya fita gudu da asuba. Na buɗe labulen gaba ɗaya na tsaya. Ya ɗago kai, bai ɗaga hannu ba, ni ma ban ɗaga ba. Ban san yadda ake yi ba tukuna.

Ga saƙon da zan tura wa dangi da 'yan uwa na nan da na gida. Na rubuta shi a nan da farko domin in ga ko zan iya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ku cewa ɗanmu zai tafi gwaji na kwana uku ranar tara ga wata mai kamawa. Ba a ɗauke shi ba tukuna, saboda haka ina roƙo a dakata da taya murna, a yawaita addu'a. Ina kuma roƙo kada kowa ya shiga gardama da masoya wasan a intanet da sunan kare mu, ko ya amsa wa mai neman hira. Abin da aka gani a bidiyo kuskurena ne, ba na saurayin da ya ɗauka ba. Waɗanda suka yaba mini a kansa na gode, amma ban cancanta ba.

Roƙona na ƙarshe shi ya fi mini nauyi. Duk wanda ya ziyarce mu ya tambaye ni yara, mace da namiji, idan ya ji na fara ragewa kamar yadda muka saba, ya taimake ni ya gaggauta da nasa rabin kafin su kai ƙofa. Idan sun riga sun fita, ya kira su su dawo su ji. Ni ma ina ƙoƙari, amma harshe ya tsufa a kan abin da ya saba. Ina neman haɗin kan kowa da kowa a kan wannan. Allah ya saka da alheri.

Naku,
Mahamudu